Hasashen kaka a gasar ƙananan kwalejojin Amurka: a ƙidaya waɗanda suka dawo, a bar tsohon suna

A kowace shekara, idan watan Oktoba ya raba tsakiya, ganyen itatuwa ya fara zuba a arewa maso gabashin Amurka, masu bibiyar ƙwallon kwando na kwalejoji sukan tsunduma cikin wani aiki da ba sa gajiya da shi, wato jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya har zuwa ta ƙarshe tun ba a jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Mafi yawan surutun yana tafiya ne kan manyan jami'o'i irin su Duke da Kentucky da Kansas, waɗanda ake nuna wasanninsu a talabijin a duk faɗin ƙasar. Ni kuwa hankalina ya fi karkata ga wata ƙaramar gamayya ta kwalejoji 11 da ake kira NESCAC, kuma ra'ayina shi ne cewa a irin wannan gamayya ne hasashen kafin kaka yake da sauran ma'ana a yau, muddin mai hasashen zai yi aikin da gaske, ya daina jingina da sunan makaranta da kofin bara.

An kafa gamayyar a 1971. Uku daga cikin kwalejojinta suna jihar Maine, wato Bates da Bowdoin da Colby. Uku suna Massachusetts, wato Amherst da Williams da Tufts. Uku suna Connecticut, wato Trinity da Wesleyan da Connecticut College. Sai Middlebury a Vermont da Hamilton a jihar Niyok. In ban da Tufts, wadda ta fi su girma sosai, ɗaliban kowace makaranta ba su wuce tsakanin kimanin 1,800 da 3,000 ba, kuma dukkansu makarantu ne masu wahalar shiga, waɗanda aka fi saninsu da karatu fiye da wasa. Suna cikin rukuni na uku na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin kwalejojin Amurka, rukunin da aka ƙirƙiro a 1973 kuma ya fi sauran biyun yawan makarantu. Babbar doka a wannan rukuni ita ce ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda iya wasa. Yaron da ke buga wa Bowdoin ko Hamilton ƙwallo ya shiga makarantar ne ta ƙofar da kowa ya shiga, yana biyan kuɗin makaranta ko yana samun ragi gwargwadon ƙarfin iyayensa, kuma idan ya ga dama ya ajiye wasan gobe, ba wanda zai karɓe masa komai. Koci yana iya sa baki a duba takardun yaron da yake so, amma ba shi da kuɗin da zai saye shi da su, ba shi kuma da kuɗin da zai riƙe shi da su.

Wannan doka ita ce tushen maganata. A rukuni na ɗaya, hasashen kafin kaka ya kusan zama caca. Tun da NCAA ta buɗe rajistar sauya makaranta a 2018, sannan a 2021 ta yarda ɗan wasa ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman shekara guda ba, kuma a wannan shekarar aka halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, ƙungiyoyi suka koma kamar tashar mota: wasu na sauka, wasu na hawa. A 2024 an cire ma iyakar sau ɗayan, a watan Yuni na 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba manyan makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko. Mutumin da zai ce ga yadda wata babbar ƙungiya za ta kaya a watan Maris, alhali mafi yawan 'yan wasanta ba su taɓa saka riga ɗaya tare ba sai a watan Yuni, yana jera sunaye ne kawai yana fata. Ba shi da abin da ya gani da idonsa na yadda waɗannan mutane suke wasa tare, domin babu wanda ya gani.

A NESCAC lamarin ya sha bamban, domin yawancin yaran suna shiga makaranta ɗaya su yi shekara huɗu su fita da digiri. Wanda ya bibiyi Colby ko Middlebury bara ya san wanda ya kammala karatu, ya san wanda ya rage, ya ga ɗan aji biyun da ya fara samun mintuna a watan Fabrairu, ya ga yadda ƙungiyar ta yi a ranar da babban ɗan wasanta ya tara laifuffuka aka zaunar da shi. Wannan ilimi ne na gaske, kuma Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tambayar farko da ya kamata duk mai hasashe ya yi ita ce: daga cikin mintunan da aka buga bara, nawa ne suke hannun waɗanda za su dawo? Kowane wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, jimla minti 200 ke nan da koci ke rabawa. Ƙungiyar da ta dawo da masu 150 daga cikin 200 ɗin nan tana farawa ne daga inda ta tsaya, ita kuwa wadda ta dawo da masu 70 kacal, ko da ita ce ta ɗaga kofi, sabuwar ƙungiya ce sanye da tsohuwar riga.

Kuma ba duk mintuna ne suke da nauyi ɗaya ba. A ganina, rasa mai rarraba ƙwallo, wanda ke ɗauko ta daga baya ya tsara hari, ya fi rasa mai yawan maki ciwo. Maki suna samun mai zura su, domin ƙwallon da wancan ya bari dole wani ya jefa ta, amma natsuwar da ake buƙata idan saura minti biyu, ana bin ka maki uku, 'yan kallon gida suna ihu, ba a koyon ta a mako shida. Haka tsaro yake. Tsaron ƙungiya magana ce tsakanin mutum biyar, sanin wanda zai tare hanya idan an wuce ɗan'uwansa da wanda zai koma ya rufe gurbin da aka bari, kuma wannan fahimta sai an daɗe tare take zama jiki. Abin ya fi tsanani a wannan gamayya saboda shekara da shekaru dokarta ta kasance kada a fara atisaye da koci sai 1 ga Nuwamba, alhali sauran makarantun rukunin suna farawa tun 15 ga Oktoba. Inda lokacin koyarwa yake da ƙaranci, tsofaffin hannu su ne jari, domin su ne ke koya wa sababbi tsarin a lokutan da koci ba shi da izinin shiga ɗakin wasa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda masu hasashe da yawa ke tsallake wannan lissafi su koma ga suna. Ba na musun cewa sunan yana da asali. Gabar Amherst da Williams ta girmi ƙwallon kwando kanta: a 1821 shugaban Williams, Zephaniah Swift Moore, ya bar makarantar tare da wasu ɗalibai ya je ya zama shugaban farko na Amherst, shekara 70 cif kafin James Naismith ya ƙirƙiro wasan a Springfield a 1891, garin da ba shi da nisa da Amherst. Da aka zo fagen ƙwallon kwando, makarantun biyu suka daɗe suna riƙe da ragamar gamayyar. Williams ta ci kofin ƙasa na rukuni na uku a 2003 a ƙarƙashin Dave Paulsen, ta sake kai wa wasan ƙarshe a 2004 da 2010 da 2014. Amherst ta ci a 2007 da 2013, ta kai wasan ƙarshe a 2008, duka a ƙarƙashin Dave Hixon, wanda ya horar da ƙungiyar kaka 42, ya ci wasa 826, aka kuma shigar da shi zauren girmamawa na Naismith a 2023. Duk wanda ya taso yana bibiyar gamayyar a waɗannan shekaru, hannunsa ya saba rubuta waɗannan sunaye biyu a sama ba tare da dogon tunani ba, kuma sau da yawa ya kan yi daidai.

Sai dai wancan ƙarfi na mutane ne, kuma mutanen sun tafi. Abin da Hixon ya gina a Amherst ya ginu ne a kan shekara 40 na sanin makarantun sakandare da kociyoyinsu, da amanar iyaye, da tsofaffin ɗalibai masu turo ƙannensu. Irin wannan abu ba ya zama a jikin bangon ɗakin wasa bayan mai shi ya yi ritaya. Ba ina cewa Amherst ta faɗi ba ne, kuma Williams a hannun Kevin App, wanda ya karɓe ta a 2014, ta ci gaba da zama ƙungiyar da ba wanda ke son haɗuwa da ita a watan Fabrairu. Abin da nake cewa shi ne dole a auna su da mudun da ake auna kowa, a ƙidaya waɗanda suka dawo musu, a duba wanda zai riƙe musu ƙwallo, kamar yadda za a yi wa Bates ko Connecticut College. Tarihin shekaru goman da suka wuce ya isa hujja. Wesleyan ta ci kofin gamayyar karo na farko a 2015, Middlebury ta ci a 2016 da 2017, Tufts ta ci nata na farko a 2020 bayan doke Colby a wasan ƙarshe. Sannan aka zo watan Maris na 2025, lokacin da Trinity da Wesleyan, makarantu biyu na Connecticut da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 30 ba, suka kai cikin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe na ƙasa baki ɗaya a birnin Fort Wayne, Trinity ta wuce, ta doke Jami'ar Niyok da ci 64 da 60 ta ɗauki kofin ƙasa na farko a tarihinta.

Nasarar Trinity ita ce misali mafi kyau na abin da nake nufi, domin ba daga sama ta faɗo ba. James Cosgrove ya shafe fiye da shekara goma yana horar da ƙungiyar, an kuma san shi da tsananta tsaro, kuma a 2024 ƙungiyar ta riga ta kai cikin huɗun ƙarshe kafin a fitar da ita. Wanda ya yi lissafin waɗanda suka dawo daga waccan tafiya, ya ga irin tsaron da suka saba da shi, bai yi mamakin abin da ya faru bayan shekara ɗaya ba. Makin wasan ƙarshen ma ya nuna salon, domin riƙe ƙungiya mai ƙarfi a maki 60 aiki ne na mutanen da suka daɗe suna rufe wa juna gurbi. Haka Wesleyan a hannun Joe Reilly, wanda shi ma ya daɗe a kujerarsa. A wannan gamayya, koci mai haƙuri da makarantar da ta bar shi ya yi aikinsa su ne ke girbi.

To, mene ne hasashena na kakar 2025 zuwa 2026? Na san masu jera sunaye za su ɗora Trinity a sama, Wesleyan ta biyo baya, kuma ba zan ce sun yi wauta ba, domin al'adar tsaro ba ta ƙarewa rana ɗaya, kuma yaron da ya taɓa buga wasan ƙarshe na ƙasa ba zai firgita da ɗakin wasan Bates ba, duk da ihun da aka san 'yan kallonsa da shi. Amma ina tsoron kada a maimaita tsohon kuskure da sababbin sunaye, a mayar da Trinity abin da Amherst ta kasance a bakin mutane, a riƙa rubuta ta a sama saboda kofin da ke cikin kabad. Kofi ba ya shiga fili. Abin da nake tsammani shi ne tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta shida za ta yi ƙanƙanta ƙwarai, cewa ƙungiyar da ta ƙare a kan gaba za ta sha kashi aƙalla sau ɗaya ko biyu a hannun waɗanda ba a zata ba, kuma cewa Tufts da Williams da Hamilton suna da damar da ta fi wadda jerin sunayen Oktoba zai nuna. Dalilina ba ya rasa nasaba da jadawalin gasar, wanda a ganina shi ne abin da masu hasashe suka fi yin watsi da shi, kuma shi ne babban aibin gamayyar.

Ƙungiyoyi 11 ne, kowace tana haɗuwa da kowace sau ɗaya tak a lissafin gasa, wasa 10 ke nan. Takwas na sama su shiga gasar cin kofin gamayya, wadda ake yi da tsarin faɗuwa ɗaya a tafi gida, wanda ya ci kuma ya samu kujera kai tsaye a gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 64. Ana buga yawancin wasannin ne daren Juma'a da yammacin Asabar, domin kada ɗalibai su rasa darasi, abin da ke nufin ƙungiya tana iya buga wasa mai zafi da dare, ta kwana a masauki, ta hau mota da safe cikin dusar ƙanƙara, ta sake shiga fili kafin awa 24 ta cika. Daga Waterville, inda Colby take, zuwa Clinton, inda Hamilton take, tafiyar fiye da awa shida ce. A kakar da ba ta wuce wasa 10 ba, ciwon idon sawu ɗaya a makon farko na Janairu yana iya cinye wasa huɗu, kusan rabin kakar ke nan. Kuma tunda sau ɗaya ake haɗuwa, wurin da aka buga wasan yana da tasiri mai yawa: ƙungiyar da bana manyan abokan hamayyarta za su zo gidanta ta samu gata, wadda za ta je wurinsu kuma sai ta jira baɗi. Mai hasashen da bai buɗe jadawali ya ga wa zai je ina ba, bai kammala aikinsa ba.

Akwai kuma wani abu da ba na jin daɗinsa. Amherst da Williams da Wesleyan suna haɗuwa sau biyu a kaka saboda tsohuwar gabarsu ta su uku, haka Bates da Bowdoin da Colby a Maine, amma ɗaya daga cikin wasannin biyu ba ya shiga lissafin gamayya. Sai ka ga ƙungiya ta doke abokiyar gabarta a gaban cikakken ɗaki, ɗalibai sun yi ta murna, amma a teburin gasa kamar ba a yi ba. Na fahimci hujjar masu kare tsarin. Rukuni na uku bai yarda a wuce wasa 25 kafin gasar ƙarshen kaka ba, kuma da za a yi gida da waje da kowa, wasa 20 zai tafi a cikin gida, a bar ɗan kaɗan na karawa da ƙungiyoyin waje. Duk da haka ina ganin akwai tsaka-tsaki, a ƙara wasa uku ko huɗu bisa kusancin gari, a shigar da wasannin gabar nan cikin lissafi, domin tebur ya fi nuna gaskiyar ƙarfin kowa. Ba zai ƙara kwanakin da ɗalibi ke rasa darasi ba, tunda wasannin ana buga su dama.

Wasannin Nuwamba da Disamba, waɗanda ake yi da ƙungiyoyin wajen gamayya, su ma sun cancanci a duba su fiye da yadda ake yi. Daga kakar 2024 zuwa 2025, NCAA ta koma zaɓen ƙungiyoyin da ba su ci kofin gamayyarsu ba ta hanyar lissafin kwamfuta da ke auna nasarori da ƙarfin abokan karawa, maimakon muhawarar kwamiti. Ma'anar wannan ita ce idan makarantun NESCAC suka yi ta cin wasanninsu na waje kafin hutun ƙarshen shekara, darajar kowa ta tashi, kuma kashin da suke ba juna a Janairu ba ya zama babbar asara. Idan kuwa suka yi tuntuɓe a Nuwamba, lokacin da ƙarancin atisaye ya fi bayyana, ƙungiya mai kyau tana iya zama a gida a watan Maris. Saboda haka tambayar ko gamayyar za ta tura ƙungiya uku ko biyar zuwa gasar ƙasa ana amsa rabinta tun kafin a buga wasan gamayya na farko.

Akwai abin da ke barazana ga duk wannan lissafi nawa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Guguwar sauya makaranta ba ta tsaya a rukuni na ɗaya ba. Labarin da kowa ya sani shi ne na Duncan Robinson, wanda a matsayin ɗan aji ɗaya ya taimaka wa Williams ta kai wasan ƙarshe na 2014, inda Wisconsin-Whitewater ta doke ta da ci 75 da 73 a daƙiƙun ƙarshe. Kocinsa Mike Maker ya koma Marist, Robinson kuma ya koma jami'ar Michigan ta rukuni na ɗaya, ba a zaɓe shi a zaɓen 2018 na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ba, amma ya samu gurbi a Miami Heat, ya buga wasannin ƙarshe na NBA a 2020, a 2021 kuma ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 90 na shekara biyar. A lokacinsa abin baƙo ne, har sai da ya zauna shekara guda bai buga wasa ba kafin ya fara wa Michigan. Yanzu babu wannan zama, kuma manyan makarantu suna da kuɗi da ma'aikatan da ke kallon bidiyon kowane yaro mai tsayi da ya iya jifa daga nesa. Annobar korona ta ƙara buɗe ƙofar: gamayyar ta soke kakar 2020 zuwa 2021, NCAA ta ƙara wa 'yan wasa shekara guda ta damar buga wasa, kuma da yake yawancin waɗannan kwalejoji ba su da karatun digiri na biyu, waɗanda suka so amfani da ƙarin shekarar sai da suka tafi wasu makarantu.

Ba na cikin masu zargin yaron da ya tafi. Wanda iyayensa ke biyan kuɗin makaranta mai tsada, aka ce ga inda za a ɗauke masa nauyi har a ba shi wani abu a hannu, ba ni da bakin ce masa ya zauna domin hasashena ya yi daidai. Haƙƙinsa ne, kuma kociyoyi sun daɗe suna tafiya inda albashi ya fi tsoka ba tare da an kira su maciya amana ba. Abin da nake kira gare shi ya shafi shugabannin makarantun ne: kada tsoron rasa 'yan wasa da ɗanɗanon kofin ƙasa su sa su fara kwaikwayon manya, su mayar da cike gurbi da 'yan sauyi al'ada, su tsawaita atisaye har ya cinye karatu. Har zuwa 1993 gamayyar ba ta barin ƙungiyoyinta su shiga gasar ƙasa ta NCAA, saboda shugabannin wancan lokaci suna tsoron wasa ya rinjayi aji. Sun sassauta, kuma sassaucin ya yi kyau, domin kofunan ƙasa huɗu sun biyo baya a ƙwallon kwando na maza ba tare da makarantun sun zubar da mutuncin karatunsu ba. Amma abin da ke riƙe yaro a Middlebury ko Williams shekara huɗu shi ne darajar digirin da abokan da zai fita da su, kuma ko a cikin sana'ar ƙwallon kanta wannan hanya tana kai mutum nesa: Will Hardy, wanda ya buga wa Williams, ya zama kocin Utah Jazz a 2022, Koby Altman na Middlebury kuma ya shugabanci harkokin ƙwallo na Cleveland Cavaliers.

Wannan batu yana da ɗan alaƙa da mu. Matasanmu da ke buga ƙwallon kwando a Kano da Zariya da Kaduna, idan suka yi mafarkin Amurka, manyan jami'o'in talabijin suke gani, alhali ƙananan makarantu sun fi yawa nesa ba kusa ba. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya kuma ya jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019, a wata ƙaramar kwaleji ta Bismarck a jihar Dakota ta Arewa ya yi wasa. Wanda zai kalli makarantun NESCAC ya san cewa takardar sakamakon jarrabawa ce ke buɗe ƙofa kafin tsayi da iya jifa, kuma duk wanda ya yi masa alkawarin tallafin wasa a rukuni na uku yaudararsa yake yi, domin babu shi. Abin da ke akwai shi ne ragin kuɗi bisa buƙata, kuma Amherst tana cikin makarantu ƙalilan da ba sa duba aljihun ɗalibin ƙasar waje wajen yanke shawarar ɗaukarsa.

Idan jerin sunayen bana ya fito, zan karanta shi kamar kowa, amma zan ajiye shi gefe in ɗauko takardar 'yan wasan kowace makaranta in gwada da ta bara, in ga mintuna nawa suka dawo cikin 200 ɗin nan, da hannun wanda ƙwallo za ta kasance idan wasa ya yi zafi. Daga nan zan buɗe jadawali in nemi ƙarshen makon da Trinity da Wesleyan za su yi doguwar tafiya, in ga ko wasan Asabar ɗin ya faɗo musu a gidan ƙungiyar da ta dawo da manyan ɗalibanta. A can nake sa ran ganin kashin farko da zai rikita teburin, a wani ƙaramin ɗakin wasa a Maine ko Vermont cikin sanyin Janairu, da misalin ƙarfe uku na yamma, bayan 'yan wasan baƙi sun kwana a hanya.